Mutum ɗaya, fuska uku: Yadda tsoffin finafinai suka karkatar da fahimtar jama'a kan wata lalurar ƙwaƙwalwa

A watan Maris na shekarar 1958, wata matashiyar jaruma a Amurka mai suna Joanne Woodward ta karɓi kyautar Oscar saboda rawar da ta taka a fim ɗin The Three Faces of Eve, wato Fuskokin Hauwa'u Uku. Ta fito ne a matsayin wata matar aure da ke sauyawa daga wannan hali zuwa wancan, tamkar mata uku ne ke karɓa-karɓa a jiki ɗaya, kowace da sunanta da muryarta da irin tafiyarta. Kafin fim ɗin ya ƙare, likita ya gano tushen ciwon, matar ta warke sarai, ta yi sabon aure, ta ɗauki 'yarta suka kama sabuwar rayuwa.

Sai dai matar da aka gina fim ɗin a kan rayuwarta, Chris Costner Sizemore, ba ta warke ba a lokacin. Ta ci gaba da fama da lalurar har kusan shekara 17 bayan fitowar fim ɗin, kuma a tsawon wannan lokaci duniya ba ta ma san sunanta ba.

Wannan tazara da ke tsakanin abin da aka nuna a silima da abin da ya faru a gida ita ce ta sa masana lafiyar ƙwaƙwalwa suka daɗe suna ƙorafi. Mafi yawan mutane ba su taɓa haɗuwa da wanda likita ya tabbatar yana da wannan lalura ba, don haka abin da suka sani a kanta daga fim suka samo shi. Finafinan kuwa sun bar mana abubuwa biyu a zuciya: cewa mai lalurar yana ɓoye da mugu a cikinsa wanda zai iya kisa, da kuma cewa da zarar ya tuna wani abu guda da ya same shi yana yaro, shi ke nan ya warke. Duka biyun sun yi nisa da gaskiya, kuma iyalan da ke da mara lafiya a gida su ne ke ɗanɗana kuɗar wannan kuskuren fahimta.

Mece ce wannan lalura?

Likitoci suna taƙaita sunanta da haruffan DID. A Hausance za a iya kiranta lalurar rarrabuwar ɗabi'a. Don a fahimce ta, yana da kyau a fara da abin da kowa ya sani. Mutum yakan hau mota daga kasuwa zuwa gida, tunani ya ɗauke shi, sai dai ya gan shi a ƙofar gida bai tuna yadda ya bi hanyar ba. Wanda ya tsira daga hatsarin mota kuma yakan ce a lokacin ji ya yi kamar wani ne abin ke faruwa da shi, shi yana gefe yana kallo. Wannan dabara ce ta ƙwaƙwalwa: idan abu ya fi ƙarfinta, takan janye kanta daga gare shi. Wani likita ɗan Faransa, Pierre Janet, ya yi bayanin wannan tun a ƙarshen ƙarni na 19.

A wajen mai lalurar DID, wannan janyewa ta yi zurfi har ta zama hanyar rayuwa. Tunaninsa da abubuwan da yake ji da waɗanda yake tunawa ba su haɗu wuri ɗaya ba, sun kasu kashi-kashi. Wani sashe yana riƙe da tsoro, wani yana riƙe da fushi, wani kuma shi ke zuwa aiki ya yi hulɗa da jama'a kamar ba komai. Idan wani sashe ya karɓi ragama, ɗayan kan rasa abin da ya faru. Shi ya sa babbar alamar lalurar ita ce mantuwa wadda ta wuce ta yau da kullum: mutum ya ga kaya a ɗakinsa bai tuna ya saya ba, ko a gaya masa maganar da ya yi jiya ya rantse bai yi ba, ko awanni su wuce bai san inda suka shiga ba.

Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ware wa lalurar matsayi na musamman a kundinta na cututtuka a 1980, da sunan da ke nufin ɗabi'u masu yawa. A 1994 aka canja sunan zuwa wanda ake amfani da shi yau. Dokta David Spiegel na Jami'ar Stanford, wanda ya jagoranci kwamitin da ya duba batun, ya bayyana cewa matsalar majiyyacin ita ce ɗabi'arsa guda ɗaya ta kasa haɗuwa ta cika, alhali tsohon sunan yana sa a zaci mutane da yawa ne a jiki ɗaya. Wannan bambanci shi ne silima ta fi yin watsi da shi.

Daga kwalbar Dokta Jekyll aka faro

Tun kafin masu shirya fim su kula da abin da likitoci ke cewa, suna da labarin da suka riƙe. A 1886 marubucin nan ɗan Sikotilan, Robert Louis Stevenson, ya wallafa labarin Dokta Jekyll da Mista Hyde: wani likita mai mutunci a Landan da ya haɗa wani ruwan magani, idan ya sha sai ya rikiɗe ya zama azzalumi marar imani. An mayar da labarin fim sau da dama. John Barrymore ya fito a na 1920, lokacin finafinai ba su da sauti. Fredric March ya fito a na 1931 har ya ci kyautar Oscar, sannan Spencer Tracy ya fito a na 1941.

Labarin Stevenson bai shafi rashin lafiya ba. Jekyll da hannunsa yake haɗa maganin, da son ransa yake sha, domin ya aikata abin da mutuncinsa ya hana shi aikatawa a fili. Darasi ne kan munafunci da son zuciya. Amma hoton ya zauna daram a zukatan 'yan kallo: mutum ɗaya, rabinsa na kirki, rabinsa shaiɗani. Da finafinai suka zo nuna masu lalura ta gaskiya, sai suka auna su da wannan mudu da suka gada.

Hauwa'u ta fim da Hauwa'u ta zahiri

Shekarar 1957 ta ga finafinai biyu kan batun. Na farko shi ne Lizzie, inda Eleanor Parker ta fito, wanda aka ɗauko daga wani littafin Shirley Jackson. Na biyun, wanda ya danne shi, shi ne The Three Faces of Eve na darakta Nunnally Johnson. An ɗauko shi daga littafin likitoci biyu na garin Augusta da ke jihar Jojiya, Corbett Thigpen da Hervey Cleckley, waɗanda suka kula da matar. Domin a tabbatar wa 'yan kallo cewa labarin gaskiya ne, an sa fitaccen ɗan jarida Alistair Cooke ya buɗe fim ɗin da jawabi.

A cikin fim ɗin, Eve White mace ce mai kunya da sanyin hali, tana fama da ciwon kai da ɗaukewar hankali. Eve Black kuwa mai rawar kai ce, mai son kwalliya da gidan rawa, tana sayen kayan da mijin bai san da su ba, ta bar Eve White da amsa tambaya. Daga baya ta uku ta bayyana, Jane, mai natsuwa da hankali. A ƙarshe aka gano cewa tana ƙarama mahaifiyarta ta tilasta mata ta sumbaci gawar kakarta. Da ta tuna wannan, sai biyun farko suka ɓace, Jane ta zauna ita kaɗai.

Dole a yaba wa fim ɗin ta wasu fuskoki. Ya nuna matar a matsayin majiyyaciya abin tausayi. Ya nuna ruɗanin da miji ke shiga, wanda ya ɗauka ƙarya take yi masa da gangan. Ya kuma nuna cewa tushen matsalar yana ƙuruciya. A zamanin da ake kulle masu taɓin hankali a manta da su, wannan ba ƙaramin ci gaba ba ne.

Inda ya kauce shi ne ƙarshensa. Chris Sizemore, wadda aka haifa a 1927 a jihar Karolina ta Kudu, ta bayyana kanta ga duniya a shekarun 1970, ta kuma fitar da littafinta mai suna I'm Eve a 1977. Ta ce abin da ya girgiza ta tana ƙarama ya fi ɗaya: cikin ɗan lokaci kaɗan ta ga an tsamo gawar wani mutum daga rami, ta ga wani da injin yankan katako ya datse, ta kuma ga mahaifiyarta ta ji mummunan rauni jini na zuba. Ta ce ɗabi'un da ta rayu da su sun haura 20, suna zuwa uku-uku, wasu su tafi wasu su maye gurbinsu. Jane ɗin da fim ya ce ita ce waraka, ita ma ta wuce kamar sauran. Sai a 1974, bayan ta bi ta hannun likitoci da dama, ta samu kanta ya haɗu wuri ɗaya.

Akwai wani ɓacin ran kuma. A ƙarshen shekarun 1980, lokacin da ake maganar yin fim kan sabon littafinta, kamfanin 20th Century Fox ya ce labarin rayuwarta mallakarsa ne bisa yarjejeniyar da ta sa wa hannu tun tana tsakiyar rashin lafiya. Sai da ta kai ƙara kotu kafin aka sasanta. Ta shafe sauran rayuwarta tana zane-zane da yawon wayar da kan jama'a kan lafiyar ƙwaƙwalwa, har ta rasu a 2016.

Psycho da haihuwar tsoro

Shekara uku bayan Eve, Alfred Hitchcock ya fitar da Psycho a 1960, fim ɗin da har yau ake lissafa shi cikin manyan finafinan ban tsoro. Wata sakatariya ta sace dala 40,000 ta gudu, dare ya yi mata ta sauka a wani ƙaramin masauki da wani saurayi mai ladabi, Norman Bates, yake kula da shi. A daren aka kashe ta a banɗaki tana wanka. Sai a ƙarshe aka gano cewa Norman ne ya kashe mahaifiyarsa shekaru da suka wuce, ya adana gawarta, yana sa kayanta yana magana da muryarta, kuma idan wannan sashe ya hau kansa sai ya yi kisa. Fim ɗin ya rufe da wani likitan ƙwaƙwalwa yana yi wa 'yan sanda dogon bayani, abin da ya sa 'yan kallo suka ɗauki labarin kamar darasi daga asibiti.

Marubucin littafin da aka ɗauko fim ɗin, Robert Bloch, ya samu wani ɓangare na tunaninsa daga labarin Ed Gein, wani makashi da aka kama a jihar Wiskonsin a 1957. Likitocin da suka duba Gein ba su ce yana da rarrabuwar ɗabi'a ba. Sun ce yana da sikizofiriniya, wadda wata cuta ce daban. Ana yawan haɗa cututtukan biyu saboda sunan sikizofiriniya, wanda likitan Suwizalan Eugen Bleuler ya ƙirƙira a farkon ƙarni na 20, yana nufin tsagewar hankali a harshen Girka. Mai sikizofiriniya yana fama ne da jin muryoyi da ganin abin da babu shi da yarda da abin da ba gaskiya ba, kuma akwai magungunan da ke taimaka masa ƙwarai. Ba ya sauyawa daga wannan ɗabi'a zuwa waccan. Su ma masu wannan cuta, mafi yawansu ba sa cutar da kowa.

Tun daga Psycho, masu rubuta fim suka samu hanya mai sauƙi ta ba 'yan kallo mamaki: a ɓoye makashin a cikin jikin wanda ba a zata ba. An maimaita dabarar a Dressed to Kill na 1980 da Identity na 2003, har zuwa Split na 2016, inda James McAvoy ya fito da ɗabi'u 23, ta 24 kuma dodo ce mai hawan bango. Ƙungiyoyin likitoci da na majiyyata sun yi Allah wadai da wannan fim na ƙarshe tun yana sabo.

Abin da aka sani a asibiti ya saɓa wa wannan hoto. Mutumin da mai lalurar ya fi cutarwa shi ne kansa. Kundin likitocin Amurka na 2013 ya nuna cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na masu lalurar da ke zuwa asibiti daga gida sun taɓa yunƙurin kashe kansu. Yanka jiki da ƙona shi ma abu ne da ake yawan gani. Sau da yawa kuma su ne ake ci gaba da zalunta har bayan sun girma.

An taɓa samun wanda ya so ya fake da lalurar a gaban shari'a. Kenneth Bianchi, wanda aka kama a 1979 kan kisan mata a Amurka, ya yi iƙirarin cewa wani ne a cikinsa yake kisan, har wasu masana suka yarda. Sai Dokta Martin Orne ya ɗana masa tarko, ya faɗa masa cewa masu lalurar ta gaskiya sukan haura ɗabi'a biyu. Ba a jima ba sai ga ta uku ta bayyana. Kotu ta gamsu cewa wasan kwaikwayo yake yi.

Sybil: fim ɗin da ya cika asibitoci

A 1973 'yar jarida Flora Rheta Schreiber ta wallafa littafin Sybil, labarin wata mata mai ɗabi'u 16 da aka ce mahaifiyarta ta gana mata azaba tana ƙarama. An sayar da miliyoyin kwafi. A 1976 aka mayar da shi fim na talabijin, Sally Field ta fito a matsayin Sybil ta ci kyautar Emmy, ita kuma Joanne Woodward, wadda ta yi majiyyaciya shekara 19 da suka wuce, ta dawo a matsayin likita, Dokta Cornelia Wilbur.

Alherin da Sybil ya yi shi ne ya sa aka fara magana a fili kan cin zarafin yara a cikin gida, batun da a da ake rufewa. Amma abin da ya biyo baya ya tayar da ƙura. Kafin littafin, adadin waɗanda aka taɓa rubuta labarinsu a littattafan likitanci da wannan lalura bai wuce 'yan ɗaruruwa ba a duk duniya. Zuwa shekarun 1990, an ce dubban mutane suna da ita, mafi yawansu a Arewacin Amurka, kuma yawan ɗabi'un da ake ƙirgawa ga mutum ɗaya ya yi ta hauhawa.

Daga baya aka gano cewa matar ita ce Shirley Ardell Mason, malamar zane da ta rasu a 1998. An kuma gano cewa Dokta Wilbur ta riƙa yi mata allurar wani magani mai gusar da hankali, tare da sanya ta cikin yanayi mai kama da barci da ake kira hifnosis, tana yi mata tambayoyi a wannan hali. A 1958 Mason ta rubuta wa likitar wasiƙa tana cewa ba ta da wasu ɗabi'u, ƙirƙira ta yi. Likitar ta ɗauki wasiƙar a matsayin gudun magani. Dokta Herbert Spiegel, mahaifin David Spiegel da aka ambata a sama, wanda ya taɓa duba Mason lokacin da likitarta ba ta nan, ya ce a ganinsa mace ce mai saurin karɓar duk abin da aka cusa mata. 'Yar jarida Debbie Nathan ta tattara waɗannan hujjoji a littafinta Sybil Exposed na 2011. Har yanzu akwai masu kare Dokta Wilbur, suna cewa majiyyata da yawa sukan musanta ciwonsu.

A shekarun 1990 wasu majiyyata a Amurka sun kai likitocinsu kotu, suna zarginsu da cusa musu tunanin abubuwan da ba su faru ba, har iyalai suka watse. A 1997 wata mata ta samu diyyar dala miliyan 10.6 a irin wannan shari'a. Wannan ya raba kan masana gida biyu. Wasu na ganin lalurar tana fitowa ne daga azabar ƙuruciya. Wasu na ganin likitoci marasa taka-tsantsan da finafinai ne ke koya wa masu rauni yadda za su fassara damuwarsu. Duk da wannan saɓani, lalurar tana nan a kundin likitocin Amurka da na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma ɓangarorin biyu sun yarda cewa wahalar majiyyacin ta gaske ce.

Indiya ma ta bi sahu

Masu kallon finafinan Indiya a ƙasar nan, waɗanda suka san Nargis tun daga Mother India, za su iya tuna Raat Aur Din na 1967. A ciki ta fito a matsayin Varuna, matar aure mai kamun kai da rana, wadda da dare take zama Peggy mai zuwa gidajen rawa a birnin Kalkata. Rawar ta sa ta zama mace ta farko da ta karɓi kyautar gwarzuwar jaruma ta ƙasar Indiya. Tsarin labarin bai bambanta da na Eve ba: mace ta gari da mace mai rawar kai, sai wani sirri na ƙuruciya da ke warware komai.

Shekara 40 bayan haka, Bhool Bhulaiyaa na 2007 ya ɗauko wani ɓangare da ya fi kusa da mu. Dangi sun yi imani fatalwar wata 'yar rawa ce ta shiga jikin Avni, wadda Vidya Balan ta fito a matsayinta, sai likitan ƙwaƙwalwa, Akshay Kumar, ya ce lalura ce. Fim ɗin ya yi kyau da ya nuna likita da malamin addininsu suna aiki tare. Amma maganin da ya nuna, wato a shirya mata wasan kwaikwayo ta huce fushinta a kan mutum-mutumi a dare ɗaya ta tashi garau, babu asibitin da ke yin sa.

Yadda abin yake a zahiri

A fim, sauyawar ɗabi'a abin kallo ce: murya ta canja, a sauya tufafi, kiɗa ya tashi. A zahiri, mafi yawan masu lalurar ɓoye ta suke yi, wasu ma ba su san suna da ita ba. Abin da na kusa da su ke gani shi ne mutum ya yi shiru na ɗan lokaci idonsa ya kafe, ko yanayinsa ya sauya ba dalili, ko ya riƙa musun abin da kowa ya ga ya yi. Abin da ke kai su asibiti galibi shi ne baƙin ciki mai tsanani, fargaba, rashin barci, munanan mafarkai ko ciwon kai. Saboda haka sukan shafe shekaru ana yi musu maganin wasu cututtuka kafin a gane ainihin matsalar.

Game da tushe, kusan kashi 90 cikin 100 na majiyyatan da aka bincika a Amurka da Kanada da Turai sun ba da labarin cin zarafi ko wulaƙanci da sakaci tun suna yara. Yawanci abu ne da aka daɗe ana maimaitawa, daga hannun wanda yaron ya dogara da shi, a shekarun da bai da inda zai gudu. Yaron da ba zai iya tserewa da ƙafarsa ba, sai hankalinsa ya tsere.

Magani kuwa na buƙatar haƙuri. Babu ƙwayar da ke warkar da lalurar kanta, sai dai a ba da magani don damuwa ko fargaba ko rashin barci da ke tare da ita. Ginshiƙin jinyar shi ne zaman tattaunawa da ƙwararre, wanda aka kasa mataki uku. Da farko a tabbatar majiyyaci yana cikin aminci, ya daina cutar da kansa, ya koyi yadda zai natsu idan abin ya taso. Bayan nan a bi abubuwan da suka faru da shi sannu a hankali, gwargwadon abin da zai iya ɗauka. Daga ƙarshe a taimaka masa ya haɗa kansa ya koma harkokin rayuwa. Wannan kan ɗauki shekaru. Gaggawar tono abin da ya wuce, irin wadda ake gani a fim, tana iya ƙara dagula majiyyaci.

Akwai batun da ba za a tsallake ba a al'ummarmu. Idan mutum ya yi magana da wata murya, ya kira kansa da wani suna, daga baya ya ce bai san ya yi ba, abin da ke fara zuwa zuciyar dangi shi ne iska ko aljanu. Kundin likitocin na 2013 ya amince cewa a wasu al'ummomi lalurar takan zo da wannan siffa, ya kuma ja hankalin likitoci kada su kira abin da al'ada ko addinin mutane ya saba da shi cuta, sai idan yana zuwa ba da son mutum ba, yana wahalar da shi, yana hana shi rayuwa. Farfaɗiya, shaye-shaye, rauni a ka da wasu cututtukan ƙwaƙwalwa duk suna iya kawo alamu masu kama da haka, kuma gwajin asibiti ne ke bambance su. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti.

Abin da ya kamata iyali su yi

Idan kuna da wanda ke yawan rasa sanin abin da ya yi, ko halinsa ke juyawa har ya zama kamar wani daban, kada ku yanke hukunci da abin da kuka gani a fim ko a TikTok. Ku rubuta lokacin da abin ke faruwa, tsawonsa, da abin da ya gabace shi, ku kai wa likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Yaba da ke Legas, Aro da ke Abeokuta, Uselu da ke Benin, da Inugu, Kalaba, Kaduna, Kware da ke Sakkwato da Maiduguri, haka nan asibitocin koyarwa suna da sashen da ke kula da irin wannan.

Kada a doke shi, kada a ɗaure shi, kada a tara masa jama'a. Kada a riƙa kiran wata ɗabi'ar ta fito don a nuna wa baƙi, ballantana a ɗauki bidiyonsa a watsa. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda aka sa wa hannu a watan Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi kare mutunci da haƙƙin masu irin waɗannan lalurori. Idan ya musanta abin da ya yi, a bar cewa maƙaryaci ne, a gaya masa abin da ya faru cikin natsuwa. Idan ya ambaci mutuwa ko aka ga tabon yanka a jikinsa, a kai shi asibiti a ranar, kuma kada a bar shi shi kaɗai.

Babban aikin kuma yana kan yaran da ke gabanmu yau. Yaro mai hira da abokin da ya ƙirƙira a wasa ba shi da wata lalura, wannan ɗabi'ar yara ce. Wanda ya kamata a sa wa ido shi ne yaron da ya sauya farat ɗaya, ya daina walwala, yake tsoron wani mutum na musamman, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daina. Idan yaro ya kawo ƙarar wani babba, ko da ɗan uwa ne na jini ko wanda ake ganin girmansa, a saurare shi, a raba shi da wurin, a nemi taimakon likita da hukuma. Rufa asirin dangi a irin wannan hali yaron ne ke biyan kuɗinsa, wani lokaci har tsufansa.

Waɗannan tsoffin finafinai suna nan ana kallonsu, wasu ma an fassara irinsu zuwa Hausa ana sayarwa a waya. Idan kun zauna kallo da matasan gida, ku gaya musu cewa Norman Bates ƙirƙirar marubuci ne, ita kuwa Chris Sizemore mace ce da ta rayu, ta yi jinya ta shekaru, ta samu sauƙi da taimakon likitoci da haƙurin iyalinta.